Takin Shanun Alu da Rijiyar Lambuna

Abin ya faru ne bayan an canja mana kuɗi daga fam zuwa naira, motoci kuma sun riga sun koma bin hannun dama. Babban farin nan da ya kashe shanu bai daɗe da wucewa ba, soja ke mulki, kuɗin mai ya fara shigowa gari har masu gadi suna rataye rediyo a kafaɗa. A wannan lokacin ne na ƙetare iyaka, ni Kulu ta Ƙofar Atiku, da ƙullin ƙasa a kai da goran ruwa a hannu. Tun da na dawo, ba a taɓa yin biki ko suna ba a ce, "Inna Kulu, wai mi kinka gano can?" Na faɗa har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce a zauna a rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Ni ban yi boko ba, ban kuma ga abin da hakan ya rage ni da shi ba.

Bari in fara da abin da ya tayar da ni. Ina da lambu a fadama, gadon mijina, Allah ya jiƙansa. Rijiyar da ke ciki da hannunsa ya haƙa ta. Da ita nake ba albasa ruwa, gidajen da ke kusa kuma duk a nan suke ɗiban na sha.

Ƙanena Alu, uwa ɗaya uba ɗaya, sana'ar shanu yake yi. Bayan fari gari ya cika da masu albashi masu son nama, sai ya kafa turaku a tudun da ke saman lambuna, yana sayo ramammun bijimai daga arewa yana kiwata su. Ramammen sa kuwa ba ya rabuwa da ciwo. Kullum ana cikin yi musu allura da wani magani rawaya, ana kuma kaɗa musu garinsa a ruwan sha.

Ni na ji daɗi, domin taki ya zo mini har gida. Mu masu lambun fadama ɗanyen taki muke so, na ƙarƙashin turke, wanda fitsari ya jiƙa sharkaf. Mukan tara shi a bakin rijiya, daidai inda jigo ke juye ruwa, ruwan ya ratsa ta cikinsa sannan ya gangara fangali. Haka na tarar ana yi, haka mijina ya yi. Albasata ta yi kyau har ana zuwa kallo.

Ana nan sai ruwan rijiya ya fara ɗaci. In ya kwana a tulu sai ka ga ya ɗan yi rawaya. Mata suka fara ƙus-ƙus, wai Kulu ta binne wani abu don albasarta ta fi ta kowa. Ran nan sai ga duba-gari da kakinsa. Ya ɗiba, ya shinshina, ya ce, "Inna, rijiyar nan za a cike ta kafin ruwan farko ya sauka."

Na ce, "Kai ka haƙa ta?"

Ya ce, "A'a, amma ni zan sa a cike ta."

Muna cikin bazara ke nan, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Akwai wani malamin dabbobi, Malam Yohanna, Kirista, mutumin wajen Jos, wanda matarsa ke sayen albasa a wurina. Shi na tare a hanya na kai wa kuka. Ya ce, "Mama, maganin da ake zuba wa sa, ba duka jikinsa ke riƙewa ba. Da yawa yana fita ta fitsari da kashi. Wataƙila shi ya gangara rijiyarki."

Na ce, "To tsaya. Taubashiyata Tabawa, ɗiyar kawuna, tana aure gaba da Birnin Ƙonni. Masu fataucin albasa sun gaya mini lambunta yana gindin wurin da ake tara shanu ana yi musu allura kafin su shigo mana, da takinsu take noma, kuma ruwanta garau. Ita ƙasarta ta Makka ce?"

Ya sosa kai, ya ce wallahi wannan shi ma yana son ya sani. Ya ce zai tafi Illela duba shanu, in na shirya zai rage mini hanya.

Na ɗebi ƙasar bakin rijiyata na ƙulle a tsohon zane, na cika gora da ruwanta, don in sa Tabawa ta gani ta ɗanɗana, kada ta ce ƙarya nake.

Motar ofishinsu ce muka shiga, aka sa ni a baya tsakanin akwatunan magani. Mun wuce Kware lafiya. Titi cike da manyan motoci ɗauke da simintin Kalambaina da gangunan fetur, duk sun nufi arewa, kamar ana kwashe ƙasar za a kai wani wuri. Kafin Gwadabawa sai motarmu ta fara hayaƙi ta hanci. Direba ya buɗe, ya ce ruwa take so, ya zagayo ya kama gorana.

Na riƙe gam na ce, "Sake mini kayana."

Ya ce, "Haba Inna, ruwa ne fa. In mun isa gari in cika miki da mai sanyi."

Na ce, "Wanga ruwa shaida ne. Ka taɓa ganin an zuba shaida cikin mota?"

Malam Yohanna ya yi dariya har ya jingina da mota. Ƙarshe wasu Fulani masu wucewa suka taimake mu da na salkarsu.

A Illela muka rabu, ya ce in ya gama aikinsa zai biyo ni. Na bi ayarin mata masu tallan kuka da daddawa muka doshi iyaka. Na zaci zan ga katanga da ƙofa irin ta birni. Ashe sanda ce aka gitta bisa ganguna biyu, jakai na kewaya ta ta gefe babu mai ce musu kanzil. Sojan ɓangarenmu ya dube ni ya ce in wuce. Na can ne, jandarma suke ce musu, wani dogo mai hula kamar murfin tukunya, ya sa na sauke kaya. Ya kwance ƙulli ya ga ƙasa. Ya cusa hannu ya dama ta, ya ware ta a tafinsa, yana neman abin da na ɓoye.

Ya ce, "Tsohuwa, mi na ne wanga?"

Na ce, "Ƙasa."

"Mu ba mu da ƙasa nan?"

"Kuna da ita. Ita naz zo in gwada da tawa."

Ya kira ɗan'uwansa, su biyu suka tsaya a kaina suna magana da Faransanci. Sai ya ɗauki goran ya kafa kai, don ya tabbata ba fetur ba ne ko giya. Ya furzar, ya goge baki, ya ce, "Wa ke shan wanga?" Na ce, "Ka ji abin da ya kawo ni." Ya ɗaure mini ƙullin da kansa ya ɗora mini a kai.

A Ƙonni na kwana gidan wata mai tuwo-tuwo kusa da tasha, inda matan hanya ke sauka. Hausarsu tamu ce, sai dai makaranta su ce lakkwal. Burodinsu dogo kamar taɓarya, ɓawonsa ya kusa kai mini haƙori. Tuwon da aka ba mu na jar dawar agaji ne, wadda aka raba musu lokacin fari, yana da wani ƙanshi kamar na buhu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shayi. Mu nan da safe muke sha a babban kofi da madara mu tashi. Su kuwa maza manya su zauna su kewaye 'yar buta kamar ta wasan yara, a zuba a ɗan kofin da bai fi makurɓa ɗaya ba, a mayar, a sake zubawa. Aka miƙo mini na kurɓe na tashi, sai aka ce in zauna, saura na biyu da na uku, tashi a na farko rashin kunya ne.

Da gari ya waye na samu motar albasa da ke komawa ƙauye babu kaya. Na isa jikina duk warin albasa, abin da bai dame ni ba ko kaɗan.

Tabawa na hango ni ta saki taɓarya ta rangaɗa guɗa. "Lale da baiwata! An gaya mini Sakkwatawa sun yi arziki, ashe ƙasa kuke ɗauka a kai?"

Na ce, "Na kawo miki ne ki ga irin wadda iyayen gijinki ke takawa."

Muka rungume juna muka yi kuka, domin rabonmu tun kafin fari. Ta dama mini fura, na ba ta labari, na miƙa mata goran. Ta ɗanɗana ta yamutse fuska, ba ta sake yi mini ba'a ba sai da muka isa lambu.

Gaskiya ne, lambun yana gindin wurin shanu. Amma ban ga taki a bakin rijiya ba. Can nesa, ta gangaren da ruwa ke bi ya bar lambu, na ga wasu tsibi-tsibi an lulluɓe su da kara kamar kaburbura. Ta ɗaga gefen ɗaya ta nuna mini ƙarƙashinsa. An daɓe wurin da baƙar laka kamar daɓen ɗakin amarya, har da ɗan baki a kewaye don kada ruwan takin ya malala.

Ta ce, "Sa hannunki ciki."

Na cusa hannu na fizgo da sauri. Zafi kamar tuwon da aka sauke yanzu.

Ta ce, "Dahuwa yake yi. Mu nan ba mu kai taki fangali sai ya yi zafi ya huce, an juya shi, ya koma baƙi, wari ya tafi."

Na tambaye ta ko don maganin shanu suke yi. Ta ce ita ba ta san wani magani ba. Surukarta ta koya mata, don ɗanyen taki yana ƙona dashe yana kawo ciyawa, daɓen kuma don gara. Na ce mu kam muna ganin wanda ya bar taki ya ruɓe ya zubar da ƙarfinsa ne. Ta ce ai ku kullum gaggawa. Muka yi ta musu, kowa na kare gidansu. Na damƙi ƙasarta na jiƙa, sai ta dunƙule a hannuna kamar ƙullin fura. Na jiƙa tawa, ta zube ta tsakanin yatsu.

Washegari da hantsi sai ga Malam Yohanna bisa babur ɗin aro, ya yi futu-futu da ƙura. Ya zagaya lambun, ya duba tsibin, ya murza ƙasar nan ya murza waccan. Ya ce a samo masa tsofaffin tukwane masu huji a gindi. Muka cika biyu da ƙasata, ɗaya da ta Tabawa. Ya kaɗa garin maganin nan rawaya a ƙwarya. Tukunya ta farko, mai ƙasata, ya zuba mata ruwan magani zalla. Sauran ruwan ya dama shi da ɗanyen taki daga wurin shanu, ya zuba a ɗaya tukunyar tawa da kuma ta Tabawa. Muka tara ƙoƙuna a ƙasa muka zauna.

Tawa mai taki ita ta fara ɗiga, ba da jimawa ba ƙoƙo ya cika da ruwa ja-ja. Ta Tabawa sai da muka yi azahar kafin ta fara zubar da hawaye.

Malam Yohanna ya ce, "Kin gani, Mama?"

Na ce, "Na ga launi. Amma taki ma ai launi gare shi. Ta ina zan san magani ne ya fito ba ruwan kashin shanu ba?"

Ya ce gaskiyata, ido ba ya raba su, kuma na'urar da ke rabawa ba ta kusa. Can Tabawa ta ce ita dai abin da ta sani, Fulanin da ke kawo musu nono suna kukan cewa saniyar da aka yi wa allurar nan madararta ba ta kwana ta yi tsami. Na ce mu ma masu nono sun faɗa a kasuwa. Malam Yohanna ya tafa hannu ya ce haka ne, har a makaranta an koya musu, maganin yana kashe abin da ke sa nono ya kama. Ni ce na ce to a kawo madara.

Aka samo madarar saniyar da ba a taɓa yi wa allura ba, aka raba a ƙananan ƙore, aka sa wa kowace ɗan tsohon nono kamar yadda ake yi. Kowace ƙwarya muka zuba mata abin da ya ɗigo daga tukunya guda. Tabawa ta ƙara ta huɗu, ta jiƙa ruɓaɓɓen takinta ta tace a ciki. Mijinta ya leƙo ya ga abin da muke yi da madara, ya yi salati ya koma.

Da safe muka buɗe faya-fayai. Ta ƙasar Tabawa ta kama, har ludayi na tsayawa. Ta ruɓaɓɓen taki ma ta kama. Ta ƙasata da ruwan magani zalla ta ɗan yi kauri, ba ta kai ba. Amma ta ƙasata da ɗanyen taki tana nan tsululu kamar yanzu aka tatso ta.

Na daɗe ina duban ƙwaryar nan. Na ce, "Malam, ashe ko rairayi yana ɗan riƙe maganin, takin ne ke ɗauke shi?"

Ya ce haka shi ma ya fahimta. Maganin yana son manne wa ƙasa, laka ta fi kama shi, rairayi kaɗan yake kamawa. In ya haɗu da ruwan ɗanyen taki sai ya manne wa takin maimakon ƙasa, su gangara tare. Zafin tsibi kuma yana cinye da yawa daga cikinsa.

Na ce, "Goyo takin ke yi masa ke nan har rijiya."

Ya ce, "Goyo kuwa. Amma Mama, kada ki dogara da laka kaɗai. Akwai wani farin magani da muke ba shanu, shi ko laka ba ta riƙe shi sosai. Ki nisanta taki da rijiya." Ya ce ɗacin ma ba shi ne abin tsoro ba. Mai shan magani kaɗan-kaɗan kullum, ranar da ciwo ya kama shi aka ba shi na gaske, sai maganin ya ƙi ci.

Tabawa ta so in ƙara kwana, amma a yammacin nan aka yi walƙiya ta gabas. Na ɗaura ɗankwali. Ta cika mini tsohon zanen nan da lakarta, ta ce in kai wa Sakkwatawa tsaraba. A iyaka jandarman nan ya gane ni, ya dubi ƙullin ya ce, "An canjo ta?" Na ce an canjo. Ya ɗaga mini sanda.

Ban sauka gida ba, wurin Alu na zarce. Na gaya masa turakunsa za su tashi daga saman lambuna. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kin tafi ƙasar Faransa kwana kaɗan kin dawo likita? Ba ke ce ke roƙon takin ba?"

Na ce, "Ni ce. Yau kuma ni ke cewa ka ɗauke. Aiko mini da madara, ka kira duba-gari."

A zauren Alu na jera tukwane, gaban duba-gari da mahauta da duk mai son kallo. Malam Yohanna ya kawo garin magani ya koma gefe ya bar ni da su. Aka yi ta raha, wani ya ce Inna Kulu ta fara bori da madara. Alu da kansa ya kulle ƙoren a ɗakinsa don kada a ce na taɓa. Da safe shi ya buɗe. Ya karkata ƙwaryar nan ta ɗanyen taki, madara ta zubo masa a ƙafa. Ya dubi duba-gari, ya dube ni, ya ce, "Yarana ma rijiyar nan suke sha."

Duba-gari ya ce shi dai ba zai bar mutane su sha ruwan nan ba. Na ce ni ma ba zan bari ba, amma rufewa daban, cikewa daban. Ya yi tunani ya ce ya ba ni damina ɗaya. A rufe bakinta da katako, kowa ya nemi na sha a wani wuri, in kaka ta yi zai dawo.

Alu ya mayar da shanunsa can bayan gangare. Jakansa suka kwashe tsibin bakin rijiya har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, suka yi ta jido laka daga bakin gulbi. Na daɓe wurin taki da hannuna, nesa, yadda na gani. Aka yashe rijiya, damina ta sauka, aka sake yashe ta.

Albasata ta shekarar nan ba ta kai ta da ba, domin takina bai gama dahuwa da wuri ba. Maƙwabtan lambu suka yi ta tambayata ko kaburburan wa nake lulluɓewa da kara. Na bar su.

Da kaka duba-gari ya dawo. Ya sa aka ɗage katako, ya ɗiba a kwalba ya bar ta ta kwana a ofishinsa. Kashegari ya zo ya jefa guga da kansa, ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, ya haɗiye. Sai ya juya ga matan da suka taru ya ce, "Ku kawo tulunanku." Masu cewa na binne abu su ne a gaba. Na tsaya a gefe na riƙe ƙugu, kowace ta zo sai ta gaishe ni kafin ta ɗiba.

Cikin waɗanda suka ga wannan abu, Alu ya rasu, duba-gari ya rasu, mijin Tabawa ma haka, Allah ya jiƙansu. Direba da jandarma ban sake jin labarinsu ba. Malam Yohanna ya yi ritaya ya koma garinsu, an ce yana nan da ransa, idonsa ne ya yi rauni. Tabawa tana nan, babu haƙori ko ɗaya, bakin dai bai mutu ba. Sai ni. Rijiyar kuma gidaje sun kewaye ta yanzu, amma da ruwanta aka dama furar da na sha yau.